Yadda Na Zama 'Yar Ruwa a Trikania

Shekarun baya, a shekarar da sojoji suka tattara komatsansu suka koma bariki, aurena ya taɓa ratayuwa a jikin wani ɗan littafi da kaurinsa bai kai yankan biredi ba. Lokacin ina koyarwa a wata firamare ta kuɗi a unguwar Trikania da ke Kaduna, ni da mahaifiyata muna haya a ciki da falo. An sa bikina gab da Kirsimeti. Wanda zan aura ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai sanyin hali, in yana magana sai ka matso da kunne. Mun jima tare ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma ina son sa ƙwarai, wannan ba zan ɓoye muku ba.

Sai dai ina da wata lalura da har yau ba ta sake ni ba, wato rubuce-rubuce. Muna da wata 'yar ƙungiya, mu wajen goma, duk Asabar da yamma muna haɗuwa a ajin da nake koyarwa, mu takure a kan bencin yara gwiwoyinmu na neman taɓa haɓa. Akwai ma'aikatan masaƙa, akwai wata nas, akwai wani mai gyaran rediyo. Jagoranmu abokina ne, ɗan Filato da ke aiki a masaƙa a Kakuri, dogo siriri, kullum da tsohon littafi a aljihun baya wanda ya tsinto wajen masu gwanjon littattafai. Shi ya zo mana da maganar.

"Ku saurara," in ji shi. "Yanzu an buɗe wa kowa baki. Duk wanda ya iya riƙe biro siyasa zai rubuta, soja kaza, farar hula kaza. Mu kuwa mu yi abin da ba a taɓa yi a garin nan ba. Mu haɗa gajerun labarai a littafi ɗaya, kashi biyu. Kashin farko labaran kyanwa, na biyu labaran mutanen da ke zaune a ƙarƙashin teku."

Nas ta ce, "Kyanwa da teku? Me ya haɗa kifi da kaska?"

"Ba abin da ya haɗa su," ya ce, "shi ya sa zai yi daɗi."

Muka yi ta tafi kamar an ba mu kujerar minista. A cikinmu duka mutum ɗaya ne ya taɓa ganin teku, shi ma ta tagar mota a Legas. Ni kuwa babban ruwan da na sani shi ne kogin Kaduna, kuma in motar haya ta hau gada za ta shiga gari, rufe ido nake yi ina addu'a har sai na ji mun sauka.

Amma labarai suka fito, wasu ma har da kyau. Mai gyaran rediyo ya rubuta na wani muzuru da ya tsaya takarar kansila ya kuma ci, saboda shi kaɗai ne bai yi wa kowa alƙawari ba. Nas ta yi nata a kan wasu kyanwoyi da ke jin ranar da mutum zai mutu, suka haɗa baki suka daina nunawa don tausayi. Abokina ya gina masaƙa a ƙasan teku, ana saƙa atamfa da ciyawar ruwa, ma'aikata na yajin aiki saboda manaja ya rage musu iska. Nawa aka sa a ƙarshe, wai shi ya haɗa kashi biyun. Labarin wata yarinya ce da aka haifa a wani gari da kakanninta suka gina a ƙasan teku, cikin wani ƙaton ƙoƙon gilashi, bayan zafi ya kore su daga tudu. A duk garin kyanwa ɗaya ce tak, kullum tana zaune tana kallon sama. Yarinyar ta bi kyanwar nan har ta fito tudu, ta zauna cikin mutane ba su san daga inda ta fito ba, ta samu aikin koyarwa, ta kamu da son wani bawan Allah mai sanyin magana.

Eh, na sani. Ku yi dariyarku. Kuma da bakin yarinyar na rubuta shi tun daga farko har ƙarshe: ni aka haifa a ƙasan teku, ni na fito, ni nake ɓoye asalina. Na so in buɗe da "ga ta nan ga ta nanku", abokina ya ce haba, wannan ai na kakanni ne a gindin murhu, adabin zamani kai tsaye yake shiga. Na ji kunya na goge.

Sai batun hoto. Kowa ya dage sai an sa hotonsa da sunansa a bangon baya, don duniya ta san mu. Ni da nake ɗokin amarci, na je aka yi mini ƙarin gashi har gadon baya, na shafa jan baki, na nufi gidan hoto. Mai hoton yana da labule biyu da ake tsayawa a gabansu, ɗaya falon masu kuɗi da talabijin, ɗaya bakin teku da itatuwan kwakwa. Ba sai na gaya muku wanda na zaɓa ba.

Muka yi karo-karo muka kai wa wani mai ɗab'i. Ku da kuka tashi da waya a hannu ba lallai ku sani ba, a shekarun nan akwai wasu ƙananan littattafai da suka cika gari, littattafan shaida. Mutum zai ba da labarin yadda ya yi shekaru yana bauta wa aljanun ruwa, ko yadda yake rikiɗa kyanwa yana shiga gidajen mutane, har aka yi masa addu'a ya tuba. Ana sayar da su a tasha, a ƙofar coci, a cikin mota, mutane na karantawa suna kaɗa kai. Ashe mai ɗab'in namu da irinsu yake cin abinci. Da ya leƙa takardunmu ya ga kyanwa ya ga teku, bai wahalar da kansa da karatu ba. Ya ɗauko zanen da yake da shi a ajiye, mace mai wutsiyar kifi tana taje gashi, ga baƙar kyanwa mai jan ido a gefenta, ya ɗora mana a bango. Girman littafin ɗaya da na shaidar, takarda iri ɗaya, launi iri ɗaya. Hotunan baya kuma ya ce wuri bai isa ba, ya zaɓi wanda ya fi fitowa ya sa shi kaɗai. Nawa ne.

Abokina ya ɗan yi ƙorafi a kan zanen, amma da muka riƙe littafin a hannu muka shaƙi ƙamshin tawada, duk muka manta. Ni kuwa sai cewa nake "ai bai kamata a sa ni ni kaɗai ba", bakina har kunne.

Mai ɗab'in ya ce yana da masu talla, mu bar masa rabi. Ba a jima ba ya aiko wai sun ƙare, a ƙara bugawa. Tabɗi! Asabar ɗin nan ba wanda ya zauna a benci. Abokina ya hau kan tebur yana jawabi, wai ashe mutanen Kaduna sun daɗe da ƙishin adabi, mu ne ba mu sani ba. Na koma gida ina taku ɗai-ɗai kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba.

A Gonin Gora na gane irin ƙishin da ake yi. Ni da mahaifiyata mun je Kakau sayen doya da waken biki, a hanyar dawowa mota ta tsaya sauke fasinja. Masu talla suka yanyame tagogi kamar kullum, mai biredi, mai ayaba, mai ruwan leda. Sai ga wani da littattafai a hannu, ya cuso kai yana ihu:

"Shaida da bakinta! Malamar makaranta ce a nan Kaduna, 'yar ruwa ce, ita ke koyar da 'ya'yanku! Ta faɗi yadda ta fito, ta faɗi mijin da take farauta! Ga hotonta a baya!"

Ina ganin wutsiyar kifin nan na gane littafinmu ne. Matar da ke kusa da ni ta kwance bakin zani ta saya. Ta juya bayan littafin ta daɗe tana kallo, sannan ta taɓa ni da gwiwar hannu.

"'Yar'uwa, dubi nan. Ki ga gashi, ki ga ido. Har a bakin ruwan nasu ta tsaya aka ɗauke ta, ko kunya babu. Allah dai ya tsare mana 'ya'ya."

"Amin," na ce, na jawo ɗankwali har kan gira. Allah ya taimake ni na riga na cire ƙarin gashin. Mahaifiyata ta damƙi cinyata ta matse, ba ta sake ba har muka sauka.

Muna shiga ɗaki ta sauko da nata littafin daga saman kabad, inda ta jingine shi kusa da kwanukan tangaran don baƙi su gani. Karatunta bai wuce na waƙoƙin coci ba, ba ta taɓa buɗe shi ba. Ta ce in zauna in karanta mata nawa. Na karanta, ta saurara har ƙarshe.

"Tatsuniya ce mai daɗi," ta ce. "To uban wa ya hana ki faɗi cewa tatsuniya ce?"

Na ce abokina ya ce ba a yin haka a adabin zamani.

"To ga zamani nan ya biyo ki har gida."

Kafin a ce me, unguwa ta ɗauka. A famfo, in na ajiye bokitina sai layi ya watse, kowace ta tuna ta bar tukunya a kan wuta. A aji na kama yara biyu sun sunkuya ƙarƙashin tebur suna leƙen ƙafafuna. Waɗannan duk na shanye, wasu ma dariya suka ba ni. Wanda ya biyo baya ne ya fi ƙarfina.

A cocinmu ana karanta sanarwar aure Lahadi uku a jere, duk wanda ya san wani dalili da zai hana sai ya je ya gaya wa dattawa. In an karanta ta uku ba magana, sai biki. An karanta tamu ta farko lafiya. Ranar da aka karanta ta biyu, gwaggon wanda zan aura ta je wurin dattawa da littafin, ta ce a dakata. Ita ba cocinmu take zuwa ba, tana zuwa wata sabuwa da aka buɗe inda ake yawan addu'ar korar aljanu. Kuma maganarta tana da nauyi, don ita ta raine shi tun yana goye bayan rasuwar mahaifiyarsa.

Washegari da yamma ta zo gidanmu. Ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa. In faɗi gaskiya ba muguwar mace ba ce, tsoro ne fal a idonta.

"Ni ban zo faɗa ba," ta ce wa mahaifiyata. "Ruwa ba ya tsami banza. Ba wanda ya matsa mata, da hannunta ta rubuta. Abu ne mai sauƙi. Ta zo cocinmu ta tsaya gaban jama'a ta amsa, a yi mata addu'a a raba ta da su, a ƙone littafin. Waɗanda suka fi ta nisa ma an cece su. In an yi haka, ni da kaina zan buɗe rawa a bikin."

Na ce, "Gwaggo, ƙirƙira ce fa. Zama na yi na shirya shi daga kaina."

"Wato ƙarya kika rubuta kika sayar wa mutane?"

"Ba ƙarya ba ce, labari ne."

"Ya faru ko bai faru ba?"

In na ce ya faru, ni 'yar ruwa ce. In na ce bai faru ba, ni maƙaryaciya ce, kuma ba wanda zai ba maƙaryaciya ɗansa.

Bayan ta tafi na ce wa mahaifiyata ni fa zan yi. Me ke ciki? In tsaya, in yi kuka, a ɗora mini hannu, in faɗi ƙasa in tashi, shi ke nan a yi bikina. Tana tsintar wake a faranti, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"In kika tsaya kika ce daga ruwa kika fito, ni da na sha naƙudarki a asibitin mishan na zama me? Kifi?" Ta hure ƙaiƙayin waken. "Ke yarinyar nan, ki buɗe kunne. Addu'a a ranar za ta ƙare, sunan ba zai ƙare ba. Duk yaron da ya yi zazzaɓi a gidan mijinki ke za a kalla. 'Yarki in ta tashi aure sai an tuna mata. Abin da ba ki yi ba kar ki amsa shi, ko da za a fasa bikin sau goma."

Abokina ya zo a rikice yana ba da haƙuri. Ya riga ya je ya karɓe sauran littattafan daga hannun mai ɗab'i, ya ce kuma zai zo gaban dattawa ya yi musu bayanin adabi dalla-dalla. Mahaifiyata ta ce, "Ɗana, ka zauna a gida. In suka ji kuna da ƙungiya, kuna haɗuwa duk Asabar, kai ne kuma shugaba, sai an haɗa da kai." Shi kuwa wanda zan aura, duk zuwan da ya yi cewa yake in kwantar da hankali, komai zai wuce. Bai ce in amsa ba, bai ce kar in amsa ba. Na ɗauka sanyinsa ne da na sani.

A tsakiyar mako aka kira mu ɗakin dattawa. Baba Fasto na zaune a kan kujerarsa, tsoho ne, shi ya yi mini baftisma. Dattawa sun jeru a benci. Gwaggo na gefe, ta naɗe littafin a leda don kar ya taɓa hannunta, wanda zan aura yana bayanta kansa a ƙasa. Bayan addu'a Baba Fasto ya tambaya ko akwai wanda ya karanta littafin daga farko har ƙarshe. Ba ko ɗaya. Ashe duk bangon suka gani, sai layi biyu uku da aka nuna musu.

"To 'yata, tashi ki karanta mana," ya ce. "Ba naki kaɗai ba, fara daga farko."

Na tashi na fara da muzurun da ya zama kansila. Ban yi nisa ba wani dattijo ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na girgiza, ya ce ai ya san kansilan nan, a layinsu yake. Da na zo kan masaƙar ƙasan teku, wani da ya yi ritaya daga masaƙa ya buga cinya ya ce wallahi wannan manajansu ne, ko iskar ma da zai iya da ya rage. Baba Fasto ya yi gyaran murya aka natsu.

Sannan na zo kan nawa. Ban san lokacin da tsoro ya sake ni ba. Na karanta yadda gari ke wayewa a ƙasan teku, da yadda yarinyar ta fara jin ruwan sama a tudu ta tsaya tana mamakin ruwa mai zuwa gutsu-gutsu, da yadda take kewar mahaifiyarta ba ta da wanda za ta gaya wa. Kowa ya kasa kunne, har kukan kajin gidan Fasto ana ji. Da na gama, dattijon nan mai hula ya ɗaga hannu.

"'Yata, ina da tambaya. A can ƙasan, da me suke tuƙa tuwo? Ina suke samun itace?"

Na ce, "Baba, gaskiya ban yi tunanin wannan ba."

"To kun ji," ya ce wa sauran. "Da ta taɓa zuwa, ai mace ba za ta rasa sanin murhu ba."

Mahaifiyata ta ce, "Baba, yarinyar nan ko wankan jarirai sai da mutum biyu ake yi mata don tsoron ruwa."

Aka yi dariya. Baba Fasto ya bari ta lafa sannan ya ce Ubangijinmu ma da misalai ya koyar da mutane, ba wanda ya tashi neman gonar da ya ambata. Ya ce laifina ɗaya ne, na bari an sa wa tatsuniya rigar shaida, kuma in kiyaye gaba. Ranar Lahadi zai yi wa jama'a bayani da bakinsa, ya kuma karanta sanarwa ta uku. Gwaggo ba ta gamsu ba, amma ta ce tunda manya sun yanke, ita ta cire hannunta, Allah ya sa alheri. Ta ajiye ledar a kan benci ta fita.

Na fito ina jin kamar an sauke mini buhun masara daga ka. Mahaifiyata ta yi gaba da gangan ta bar mu mu biyu. Muka tsaya wurin mai lemo a bakin titi, ya saya mini, ya karɓi wuƙa ya fere da kansa ya miƙo mini. Ina ta zuba, ina kwaikwayon dattijon tuwo, ina ƙyalƙyala dariya. Can na lura ni kaɗai nake yi.

"Malama," ya ce, haka yake kirana, "zan tambaye ki wani abu, kar ki ji haushi."

"Ina ji."

"Wurin nan da kika ce da safe haske yana saukowa kore, yana rawa a jikin bango, har mutum ya ga kamar ɗakin ne ke numfashi." Ya mayar wa mai lemo wuƙarsa. "Tsakaninki da Allah, ba ki taɓa zuwa ba?"

Na sake fashewa da dariya, na zaci tsokana ce. Da na dubi fuskarsa sai dariyar ta maƙale. Na ce masa a duron da muke tarar ruwan sama a gidanmu na gani. In ruwa ya yi ƙasa, gansakuka ta kama jikin duron, na sunkuya da safe zan kwarfo na ƙarshe, haka rana ke shiga ciki. Shi ke nan fa.

Ya gyaɗa kai. "Na yarda. Na yarda da ke. Sai dai da kike karantawa ɗazu, jikina duk ya yi sanyi. Mutum ba ya faɗin wuri haka sai ya san shi. Kuma mutumin cikin labarin ai ni ne."

"Kai ne mana. Don ina son ka na sa ka."

"To ko don hankali ya kwanta, ki bari a yi addu'ar nan kafin biki. A ɓoye ma, ba sai a gaban jama'a ba."

"Hankalin wa? Gwaggo ta ce ta cire hannunta."

Ya kawar da kai. Sai wani abu ya faɗo mini. Na saba aika masa abincin rana ofis, kuma duk tsawon rigimar nan ban fasa ba, kular tana dawowa a wanke tas.

"Abincin da nake aika maka, kai kake ci?"

Mutumin nan bai iya ƙarya ba, yana cikin abin da ya sa nake son sa. Ya dubi takalminsa ya ce, "Wani abokin aikina nake ba wa."

"Shi ba ka tsoron kar in cinye shi?"

Idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya ce in yafe masa, shi ma ba ya son abin da yake ji, ya yi addu'a ya yi azumi abin ya ƙi fita. Ya ce yana so na, kuma zai aure ni ko da me. Na san da gaske yake. Raina bai ɓaci ba a lokacin.

Na yi kwanaki ina juya maganar. Tsoron Gwaggo zan iya zama da shi, tana gidanta ina gidana. Amma wannan mutumin da shi zan kwana in tashi. Ba zai taɓa zagina ba, ba zai ɗaga mini murya ba, zai kawo cefane ya kira ni Malama. Kuma duk ranar da na tashi shan ruwa zai buɗe ido ɗaya ya ga inda na nufa. Duk tuwon da na tuƙa sai ya yi addu'a biyu a kansa, ɗaya a fili ɗaya a zuci. Abin da mahaifiyata ta ce zai same ni in na amsa, ga shi zai same ni ban amsa ba.

Ranar Asabar da safe na je gidan Baba Fasto, na same shi yana watsa wa kaji dawa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, gobe kar ka karanta."

Ya daɗe yana kallona. "Shi ya ce, ko ke?"

"Ni ce, Baba."

"An wanke ki fa, 'yata."

"A wurinku aka wanke ni."

Bai ƙara tambaya ba. Ya ajiye kwanon dawar ya ɗora mini hannu a ka ya yi addu'a gajeriya. Daga nan na wuce na gaya wa wanda zan aura da bakina. Ya yi kuka, ni ma na yi, amma bai ce na yi masa ƙazafi ba.

Ranar Lahadi Baba Fasto ya cika alƙawari. Ya ɗaga littafin ya yi bayani, har ya ba da labarin muzurun kansila, coci ta kwashe da dariya. Matan da ke gudun bokitina suka riƙa waigowa suna yi mini murmushi. Sannan ya shiga sanarwa: koyon waƙa ranar kaza, taron zumuntar mata, gaisuwar wani mara lafiya. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Mutane suka jira, suka dubi juna, suka dube ni. Mai ganga ya rasa abin yi sai ya fara kiɗa. Mahaifiyata, wadda ta san komai tun ranar Asabar, ta miƙe ta ɗauki waƙar da ƙarfi fiye da kowa, hannunta ɗaya a kan kafaɗata.

Abin ya wuce da daɗewa. Ya auri wata, ni ma na yi aure na hayayyafa, in mun haɗu a biki ko jana'iza mukan gaisa da mutunci, ya tambayi yara in tambayi nasa. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Gwaggo ɗanta take karewa, mai ɗab'i abincinsa yake nema, abokina kuwa har yanzu in na tsokane shi da adabin zamani sai ya rufe fuska. Abin da na koya bai da yawa: taron dattawa zai iya wanke ka a gaban gari, amma ba ya shiga zuciyar mutum ɗaya ya wanke ka a can, kuma aure da mutum ɗayan nan ake yin sa.

Na yi rubuce-rubuce da dama bayan wannan, an yabe ni, an kushe ni. Amma har yau ba wanda ya taɓa gaskata rubutuna kamar mutumin nan. Na zauna da biro na gina gari, shi kuma ya yarda da garin har ya fi yarda da ni. Wani lokaci in na tuna, marubuciyar da ke cikina takan ɗan ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma yarinyar da ke son sa, ita har yau ba ta ga abin daɗi a ciki ba.